Girka Babbar Manhaja Daga Nesa: Yadda Ake Bin Sawun Na'urar Da Ido Ba Ya Gani

A cikin manyan cibiyoyin adana bayanai, wato gine-ginen da ake jibge kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, waɗanda ake kira uwayen garke, abin da mai shiga zai tarar shi ne jerin akwatunan ƙarfe a kan kantoci, babu allon kallo, babu allon rubutu, kuma mafi yawan lokaci babu mutum a kusa, sai ƙugin fankoki da ƙyaftawar ƙananan fitilu. A irin wannan ɗaki ake kunna sababbin na'urori goma-goma ko ɗari-ɗari a dare ɗaya, a bar su su ɗora wa kansu babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya irin su Windows da Linux, alhali injiniyan da ya ba da umarnin yana wani gari, wani lokacin ma wata ƙasa.

Idan komai ya tafi daidai, cikin 'yan mintoci ko sa'a guda na'urorin za su riƙa bayyana a kan hanyar sadarwa ɗaya bayan ɗaya, a shirye su kama aiki. Damuwar tana wajen 'yan ƙalilan ɗin da ba su bayyana ba, domin wanda ke nesa ba shi da yadda zai san ko na'urar tana aikinta ne a hankali, ko ta tsaya tana jiran amsar wata tambaya, ko faifan ajiyarta ya lalace, ko kuwa ba ta ma tashi ba tun farko.

Wannan rashin sani ne ya sa bin sawun girkawa daga nesa ya zama babi mai zaman kansa a aikin masu kula da kwamfutoci, kuma abin da ya fi fitowa fili a cikinsa shi ne cewa bayanin da aka fi buƙata shi ne wanda ya fi saurin salwanta, sai fa idan an yi masa tanadi tun kafin a kunna na'urar.

Dalilin da batun ya taso yanzu

Shekarun baya-bayan nan sun tilasta wa hukumomi da kamfanoni da yawa sake girka babbar manhaja a kan dubban na'urori cikin ƙanƙanin lokaci. An daina sabunta CentOS Linux 8 a ƙarshen 2021, aka daina sabunta CentOS Linux 7 a ƙarshen Yunin 2024, kuma a lokacin waɗannan biyun su ne ke ɗauke da uwayen garke masu ɗimbin yawa a jami'o'i da kamfanonin sadarwa, sannan kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 a watan Oktoban 2025.

Akwai kuma abin da ya faru a watan Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da na'urori masu Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Lamarin bai shafi girkawa kai tsaye ba, amma ya tuna wa kowa cewa kwamfutar da ta kasa tashi ba ta da bakin faɗin abin da ke damunta ta hanyar intanet, shi ya sa a wurare da dama sai da ma'aikata suka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Yadda na'ura ke girka wa kanta manhaja

Sabuwar kwamfuta da babu komai a faifanta takan fara da neman taimako daga hanyar sadarwa, bisa wata ƙa'ida mai suna PXE da kamfanin Intel ya daidaita a ƙarshen shekarun 1990. Da farko takan nemi adireshi daga uwar garken da ke raba adireshi, wadda ake kira DHCP, a faɗa mata inda za ta ɗauko ɗan ƙaramin shirin tashi, daga nan ta sauko da manhajar girkawa zuwa cikin ma'adanarta ta wucin gadi, wato RAM, ta fara aiki daga can.

Tambayoyin da mutum zai amsa da yana zaune a gaban allon, irin su harshe da yankin lokaci da yadda za a raba faifai da manhajojin da za a ɗora, an riga an rubuta amsoshinsu a cikin wani fayil da manhajar girkawar za ta ɗauko ta karanta. Kowane gida da sunan da yake kiran wannan fayil: Red Hat da danginsa suna da Kickstart tun ƙarshen shekarun 1990, Debian yana da preseed, SUSE yana da AutoYaST, Ubuntu ya shigo da autoinstall a fitowarsa ta 2020, Windows kuma yana da nasa fayil ɗin amsoshi. Tun kafin yawancinsu kamfanin Sun Microsystems ya yi JumpStart domin babbar manhajarsa ta Solaris.

Fayil ɗin amsoshi yana amsa tambayoyin da marubucinsa ya hango ne kawai, don haka duk wani abin da ya saɓa wa hasashensa kan iya tsayar da aikin cak. Misalin da aka fi cin karo da shi shi ne sunan faifai: fayil ɗin da aka rubuta domin na'urorin da Linux ke kiran faifansu sda zai ci tura idan aka kawo sababbin na'urori masu faifan NVMe, domin sunan nasu ya bambanta gaba ɗaya.

Rajistar da ke tafiya da wuta

Kowace manhajar girkawa tana rubuta rajistar aiki, wato jerin layuka masu ɗauke da lokaci da bayanin abin da ta yi da sakamakon da ta samu. Anaconda, manhajar girkawar Red Hat da Fedora, tana raba tata kashi-kashi, inda anaconda.log ke ɗauke da bayanin tafiyar aiki gaba ɗaya, storage.log ke ɗauke da na faifai, packaging.log ke ɗauke da na ƙunshin manhajojin da ake ɗorawa, program.log kuma ke ɗauke da abin da sauran shirye-shiryen da ta kira suka mayar mata. A ɓangaren Windows akwai setupact.log da setuperr.log a cikin wata jaka mai suna Panther.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da waɗannan fayiloli suke zaune yayin da ake aikin. Tun da faifan na'urar shi ne ake gogewa ana sake tsarawa, ba shi da wurin karɓar rajista a farkon aiki, saboda haka tana zaune ne a ma'adanar wucin gadi, wadda ke zubar da duk abin da ke cikinta da zarar an ɗauke wuta ko an sake tayar da na'urar, tamkar rubutun allo da aka wanke kafin a haddace.

Sai an kammala girkawa lafiya ne ake kwafe rajistar zuwa faifai, inda Red Hat ke ajiye ta a /var/log/anaconda, Debian da Ubuntu kuma a /var/log/installer. Ma'anar wannan ita ce rajistar girkawar da ta yi nasara, wadda da wuya wani ya buɗe ta, ita ce ke tsira, ta girkawar da ta faɗi kuwa, wadda ita ce kowa ke nema, takan ɓace a daidai lokacin da ma'aikacin da ke cikin ɗakin ya yi abin da kowa zai fara yi, wato ya kashe na'urar ya sake kunnawa.

A tsarin Configuration Manager na Microsoft ma, rajistar da ake kira smsts.log tana sauya mazauni sau da yawa a tsawon aiki ɗaya, daga ma'adanar wucin gadi kafin a tsara faifai, zuwa wata jaka a kan faifan bayan an tsara shi, zuwa wata ta daban bayan an gama, har ya zamana sanin inda rajistar take a kowane mataki ya zama wani ilimi da sababbin ma'aikata ke shan wahalar koyo.

Fitar da rajista tun ana rubuta ta

Maganin da ya fi daɗewa kuma ya fi araha shi ne a sa manhajar girkawa ta riƙa tura kowane layi zuwa wata uwar garke a daidai lokacin da take rubuta shi. Ƙa'idar da ake bi wajen wannan ita ce syslog, wadda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980 domin manhajarsa ta aika wasiƙu mai suna Sendmail, ta yaɗu ta zama gama-gari tun ba a rubuta mata ƙa'ida a hukumance ba, sai a 2001 aka bayyana yadda take aiki a takardar RFC 3164, aka sake tsara ta a 2009 a takardar RFC 5424.

Shirya wannan ba ya cin lokaci. A Debian ana ƙara log_host da adireshin mai karɓa a cikin umarnin tashi, a Red Hat ana ƙara inst.syslog ko a rubuta umarnin logging a cikin fayil ɗin Kickstart, sannan a ɗaya ɓangaren a umarci manhaja irin su rsyslog, wadda Rainer Gerhards ya fara a 2004, ta buɗe ƙofarta mai lamba 514 ta karɓi saƙonni. Kowane saƙo yana ɗauke da matakin tsanani daga 0 zuwa 7, inda 0 ke nufin na'ura ta durƙushe, 7 kuma ke nufin bayanin ƙwaƙƙwafi na masu neman kuskure, kuma wannan lamba ce ke ba da damar tace dubban layuka a bar 'yan kaɗan masu nuna matsala.

Sai dai wanda ya tsaya a nan zai tarar da rajistar da ba ta karantuwa, saboda dalilai biyu da ba a cika tunawa da su ba sai an sha wuya. Na farko shi ne suna, domin na'urorin da ba a gama girka su ba sau da yawa ba su da sunan kansu, dukkansu kan kira kansu da suna ɗaya na gama-gari, sai layukan na'ura hamsin su cakuɗe a fayil ɗaya. Gyaran shi ne mai karɓa ya ware wa kowace na'ura fayil bisa adireshin da saƙon ya fito, a kuma ajiye jadawalin da ke haɗa adireshin da lambar jikin na'urar da kantar da take.

Na biyu shi ne agogo. Na'urar da ta daɗe a sito, ko wadda ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu, kan tashi da kwanan watan shekarun baya, wanda hakan ke hargitsa jerin layukan rajista, kuma ma yana iya zama shi ne musabbabin faɗuwar girkawar, domin takardun shaidar tsaro na rumbunan manhaja suna da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, na'urar da agogonta ya koma baya kuwa za ta ƙi amincewa da su. Saboda haka ya kamata mai karɓa ya buga nasa lokacin a kan kowane layi a daidai lokacin da ya iso.

Akwai kuma zaɓin hanyar aikawa. Tsohuwar hanyar syslog tana tafiya ne a kan UDP, wadda ke jefa saƙo ba tare da jiran tabbacin isowarsa ba, don haka idan hanya ta cunkushe layuka kan zube babu wanda ya sani. Hanyar TCP kuwa tana tabbatar da isowa, amma ita ma ba ta ɓoye abin da ke cikin saƙon sai an lulluɓe ta da TLS, wato tsarin layance bayanai yadda mai leƙe ba zai iya karantawa ba, kuma syslog mai wannan lulluɓi aka ware wa ƙofa mai lamba 6514.

Duk wannan yana farawa ne bayan na'urar ta samu adireshi kuma manhajar girkawa ta tashi, don haka abin da ya faru kafin nan sai dai a neme shi a rajistar uwayen garken da na'urar ta tuntuɓa. Idan rajistar DHCP ta nuna an ba ta adireshi, amma rajistar uwar garken fayiloli ba ta nuna ta zo ɗaukar shirin tashi ba, an riga an taƙaita inda matsalar take ba tare da na'urar ta furta ko kalma ɗaya ba. Wannan karatu na sawu yana cikin mafi amfanin dabarun fannin, kuma ba ya buƙatar sayen komai.

Sanin inda aka kwana

Rajista tana amsa tambayar me ya faru, amma mai kula da na'urori ɗari yana da tambayar da ta riga wannan, wato wacce ta gama, wacce ke kan hanya, wacce ta maƙale. Wannan ne ya haifar da manhajojin da ke karɓar gajerun saƙonnin ci gaba su jera su a allo ɗaya.

FAI, wanda Thomas Lange ya fara a Jami'ar Kolon da ke Jamus a 1999 domin girka tarin kwamfutocin Debian, yana da ɓangaren sa ido da kowace na'ura ke sanar wa farkon kowane mataki da ƙarshensa, sannan yana kwafe rajista zuwa uwar garke. Cobbler, wanda Michael DeHaan ya fara a Red Hat, yana da ɗan shiri mai suna anamon da ke loda rajistar Anaconda tun ana cikin aiki. Foreman, wanda ya fito a 2009, yana sanya na'ura a matsayin wadda ake ginawa har sai ta kira wani adireshi na musamman ta ce ta kammala.

Ubuntu da MAAS na kamfanin Canonical suna aika kowane mataki a matsayin tsararren saƙo zuwa adireshin da aka zaɓa, ɗauke da sunan matakin da ko ya yi nasara ko ya faɗi, abin da ya fi sauƙin sarrafawa ga manhaja fiye da layukan da aka rubuta domin idon mutum. Microsoft Deployment Toolkit ma ya samu shafin sa ido a fitowarsa ta 2012, mai nuna kashi nawa cikin ɗari kowace kwamfuta ta ci.

Saƙon kammalawa yana da wani aiki bayan sanarwa. Na'urar da aka saita ta fara neman tashi daga hanyar sadarwa za ta sake yin hakan bayan ta gama, kuma idan uwar garke ba ta samu labarin an gama ba, za ta sake miƙa mata manhajar girkawa, sai na'urar ta goge abin da ta ɗora ta sake farawa, ta yi ta zagaye har sai wani ya lura.

Na'urar da ta yi shiru

Mafi wuyar ganewa ita ce girkawar da ba ta faɗi ba kuma ba ta ci gaba ba. Manhajar girkawar da ta ci karo da tambayar da babu amsarta a fayil tana iya nuna tambayar a allon da babu mai kallonsa ta zauna jira, kuma a wajenta wannan ba kuskure ba ne, don haka babu layin gargaɗin da za ta aika. Tsarin sa idon da ke farautar kalmar kuskure kaɗai zai nuna komai lafiya har gari ya waye.

Abin da ya dace shi ne a ɗauki shirun da ya wuce ƙima a matsayin ƙararrawa, a auna tsawon lokacin da kowane mataki ya saba ɗauka, a saka iyaka, duk na'urar da ta haura iyakar ba tare da sabon saƙo ba a fito da sunanta. Haka kuma ya fi kyau a umarci manhajar girkawa ta tsaya da kuskure a fili maimakon jira, kamar yadda Kickstart ya tanadi yanayin da ba a yarda da tambaya ba sam, sannan a yi amfani da sashen da ake gudanarwa idan aiki ya faɗi, wanda Kickstart ke kira onerror, Ubuntu kuma ke kira error-commands, domin a tattara rajista a tura ta waje kafin wani ya taɓa maɓallin wuta.

Leƙawa cikin na'ura

Wani lokaci karanta rajista ba ya wadatarwa, sai an shiga ciki an duba. Anaconda tana iya buɗe SSH, wato ƙa'idar shiga kwamfuta daga nesa a asirce da Tatu Ylönen ya ƙirƙira a Finland a 1995, yadda injiniya zai shiga ya karanta fayiloli ya gwada umarni alhali girkawa na tafiya, Debian kuma yana da ɓangare mai suna network-console mai wannan aiki. Domin ganin allon zane kuwa an daɗe ana amfani da VNC, kafin Red Hat ya maye gurbinsa da RDP a fitowarsa ta 10 a 2025.

Waɗannan duka sun dogara ne ga manhajar girkawar da ke raye da hanyar sadarwar da ke aiki. Abin da ya fi su zurfi shi ne wata 'yar kwamfuta da ake dasawa a jikin allon kayan lantarki da ke cikin uwar garke, mai nata wayar sadarwa, wadda ke aiki muddin akwai wuta a jikin na'urar ko da an kashe ta. Dell yana kiran tasa iDRAC, HPE yana kiran tasa iLO, kuma ƙa'idar da ta haɗa su ita ce IPMI, wadda Intel ya fitar tare da wasu kamfanoni a 1998, aka ƙara mata damar tura rubutun allo ta hanyar sadarwa a 2004, kafin Redfish ya fito a 2015 a matsayin magajinta.

Ta wannan ƙofa ana ganin komai tun daga gwajin da na'ura ke yi wa kanta lokacin tashi, ana iya kashe ta a kunna, kuma manhaja irin su conserver tana iya naɗe duk rubutun da ya fito a fayil, wanda shi ne kawai shaidar da ke rage wa injiniya idan zuciyar babbar manhajar ta durƙushe kafin ta kai ga aika komai. Kwamfutocin tebur na ofis da na makaranta galibi ba su da wannan gata, sai waɗanda ke ɗauke da fasahar AMT ta Intel, ko kuma a jona musu ƙaramar na'ura irin PiKVM da ake haɗawa da Raspberry Pi.

Tsakanin masu tsaro da masu aiki

Masu kula da tsaron bayanai suna kallon duk waɗannan hanyoyi da ido na daban, kuma suna da hujja. Na'urar da ake girkawa ba ta da katangar tsaro tukuna, kalmar sirrin shiga manhajar girkawa sau da yawa tana rubuce a fayil ɗin amsoshin da duk wanda ke kan hanyar sadarwar zai iya saukewa, sannan rubutattun umarnin da ake gudanarwa a ƙarshen girkawa kan zubar da mabuɗan sirri cikin rajista idan an kunna cikakken bayani, rajistar kuma ta bi hanya a buɗe.

Game da 'yar kwamfutar da ke jikin allo kuwa, binciken da Dan Farmer ya wallafa a 2013 ya nuna raunin IPMI ƙarara, ciki har da cewa ƙa'idar da kanta tana miƙa wa mai tambaya lissafaffen hoton kalmar sirri, wanda mai kutse zai tafi da shi ya fasa a natse. Shekaru da dama kamfanin Supermicro yana fitar da na'urori da kalmar sirri iri ɗaya, sai gab da fara aikin wata dokar jihar Kalifoniya a 2020 ya koma bai wa kowace na'ura tata.

Masu gudanar da aiki su kuma suna cewa rufe kowace taga yana da nasa farashin, domin na'urar da ba a iya dubawa daga nesa tana nufin tafiya da kwanan hanya da sa'o'in da hidima ke tsaye. Akwai ma masu ra'ayi na uku, musamman a manyan kamfanonin da ke da dubban uwayen garke, da ke ganin bai kamata mutum ya shiga na'urar da ta faɗi ba sam, a sake gwadawa kawai, idan ta sake faɗuwa a ware ta domin masu gyara.

Wannan ra'ayi na uku yana da ma'ana ga mai rarar na'urori, amma bai dace da ma'aikatar da uwayen garkenta ba su wuce goma ba, kuma ko a manyan wuraren ba ya soke buƙatar rajista, domin da ita ake gane cewa faɗuwar na'ura talatin dalilinta ɗaya ne. Matsayar da ta fi ƙarfi ita ce a bambanta fita da shiga: rajista da saƙonnin ci gaba su riƙa fita koyaushe, ƙofofin shiga kuwa a killace su a keɓantacciyar hanyar sadarwa da ba ta haɗu da intanet ba, a yi amfani da mabuɗi maimakon kalmar sirri, a kuma tabbatar sun rufe da zarar an gama.

Inda wuta da intanet ba su da tabbas

A Najeriya yawancin manyan cibiyoyin adana bayanai na kasuwanci suna Legas ne, wanda ke nufin ma'aikatar da ke Kano ta ajiye uwar garke a can tana da tazarar kusan kilomita 1,000 tsakaninta da maɓallin na'urarta. A ɗaya gefen kuma akwai ɗakunan jarrabawa ta kwamfuta, waɗanda suka yawaita tun da hukumar JAMB ta koma wannan tsari gaba ɗaya a 2015, inda ɗaki ɗaya kan ɗauki kwamfuta kusan 250 da ake so su kasance iri ɗaya, kuma a irin wannan adadi bin kowace da hannu ɓarnar kwanaki ce.

Yanayin wurin yana ƙara wa batun nauyi ta fuska biyu. Ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa tana shafe rajistar da ke ma'adanar wucin gadi nan take, don haka na'urar da ke karɓar rajista ita ce ta fi cancantar a ɗora ta a kan batiri ko inbata, ko da kuwa tsohuwar kwamfuta ce. Sannan girkawar da ke sauko da manhajoji daga rumbunan ƙasashen waje tana rataye ne a kan wayoyin ƙarƙashin teku, waɗanda huɗu daga cikinsu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na tsawon kwanaki. Rumbun manhaja na cikin gida yana kawar da wannan dogaro, kuma rajistarsa tana nuna ƙunshin da kowace na'ura ta ɗauka na ƙarshe kafin ta tsaya.

Tashin farko

Akwai giɓi ɗaya da yawancin tsare-tsaren ke bari a buɗe. Saƙon kammalawa yana fitowa ne daga manhajar girkawa kafin na'urar ta sake tashi, wato kafin a gwada ko sabuwar babbar manhajar za ta iya ɗaga kanta daga faifai, ko ta gane katin sadarwarta, ko saitin adireshin da aka rubuta mata daidai ne. Na'ura tana iya bayyana a allon sa ido a matsayin wadda ta gama lafiya, alhali tana tsaye a baƙin allo saboda an ɗora shirin tashi a kan faifan da ba shi ba.

Shi ya sa masu taka-tsantsan ba sa rufe lissafin na'ura sai saƙo na biyu ya iso daga sabuwar babbar manhajar da kanta bayan tashin farko, aikin da manhajar cloud-init ke da sashe na musamman dominsa mai suna phone_home, kuma akan haɗa da gwajin shiga ta SSH da kwafe rajistar girkawar daga faifai zuwa ma'ajiya ta tsakiya. Iyakar jiran wannan saƙo tana buƙatar a auna ta bisa irin na'urar, domin kwamfutar tebur kan dawo cikin minti ɗaya ko biyu, babbar uwar garke mai ma'adana mai yawa kuwa tana iya shafe mintoci da dama tana gwajin kayan cikinta kafin ta waiwayi faifai.